Zuwa Abuja aikin gini: da me za ka tafi, da me za ka dawo?

 

Duk shekara, da zarar an gama girbi an kai hatsi rumbu, tashoshin mota na Kano da Katsina da Gusau da Sakkwato sukan cika da samari. Kowa da ɗan buhunsa na sutura, wani har da diga da shebur ɗaure da roba. Cikinsu akwai 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa waɗanda suka ƙetaro iyaka. In ka tambaye su ina aka nufa, amsar da za ka yi ta ji ita ce: Abuja, aikin gini. Wani yayansa ne ya kira shi, wani kuwa ya ga abokinsa ya zo hutun Sallah da sabuwar waya da sabon yadi, shi ma ya ce ba za a bar shi a baya ba.

Fita neman halali abin yabo ne, kuma cin rani ba yau muka fara shi ba. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, iyayenmu sun yi haƙar kuza a Jos, wasu sun yi dako a Ikko. Don haka yau ba zan ce wa kowa kada ya tafi ba. Tambayar da nake so mu zauna a kanta ita ce: da me mutum zai tafi, da me kuma zai dawo? Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne duk wanda ya je Abuja da ƙarfinsa kaɗai, ya shekara biyar ko goma yana ɗaukar kankare, ya dawo gida bai iya wata sana'a ba, to birnin ne ya ci ribarsa, shi kuwa ya tashi da ciwon baya.

Mu fara da birnin kansa, don mu san dalilin da ya sa yake jan mutane. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yi dokar da ta kafa sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka yanki ƙasar da yawancin mazaunanta Gbagyi ne, aka ɗauki sunan Abuja daga tsohon garin da yanzu muke kira Suleja. A 1979 aka kammala babban tsarin birnin, sannan ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Ibrahim Babangida ya mai da fadar gwamnati Abuja daga Ikko. Masu tsarin sun yi hasashen mutum miliyan 1 da dubu 600 zuwa shekarar 2000, in birnin ya gama cika kuma ya ɗan haura miliyan 3. Ƙidayar 2006 ta sami wajen mutum miliyan 1 da dubu 400 a ɗaukacin yankin. Yau kuwa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya yana sa mazauna birnin da kewayensa a wajen miliyan 4. Ma'ana, garin da shekara 50 da suka wuce yawancinsa gonaki ne da duwatsu, kowane bulo da ke cikinsa hannun wani ne ya ɗora shi.

Kuma har yanzu ana ɗorawa. Maitama da Asokoro da Wuse da Garki sun cika, gini ya koma Guzape da Katampe da Jahi, ya bi ta Lokogoma da Lugbe kan hanyar filin jirgin sama. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin rukunin gidaje 3,112 a Karsana. Tun da Nyesom Wike ya zama ministan birnin a watan Agustan 2023 ake ta aikin tituna da gadoji. Tireloli na jigilar siminti daga Obajana ta jihar Kogi, tifofi na sauko da tsakuwa daga wuraren fasa dutse na Mpape, kasuwar Dei-Dei kuwa kullum cike take da masu sayen katako da rodi da kwano. Wanda ya ce maka akwai aiki a Abuja bai yi maka ƙarya ba.

Abin da bai gaya maka ba shi ne yawan masu neman aikin. A da, mai cin rani yakan yi wata biyar ko shida, da ya ga hadari ya fara haɗuwa sai ya nufi gida ya yi shuka. Yanzu mutane da yawa daga Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato ba su da gonar da za su koma, saboda 'yan bindiga sun hana noma a ƙauyukansu. Wasu kuma gonar gado ce aka rarraba har ta kai ba ta ciyar da gida. Sai ya zama masu zuwa sun ƙaru, masu komawa sun ragu. Ka fita da sassafe ka duba ƙarƙashin gadoji da bakin mahaɗar tituna, za ka ga mutane zaune jere, kowa ya kafa digarsa a gabansa. Mota na tsayawa, sai a yi mata caa. Mai motar mutum uku yake nema, ga mutum talatin a kansa. A irin wannan ciniki kowa ya san wanda zai yanka farashi. In ka ce kuɗin sun yi kaɗan, kafin ka rufe baki na bayanka ya haye mota.

To mu shiga cikin wurin ginin mu ga yadda aka jera mutane. A can sama akwai mai gini, wanda sau da yawa ba ka taɓa ganinsa ba. Akwai ɗan kwangila, akwai injiniya, akwai foman mai lura da ma'aikata. Sai masu sana'a: birkila, kafinta mai buga katakon dekin da rufi, mai ɗaurin rodi, mai walda, mai aikin famfo, mai wayarin. Idan gini ya tashi sai masu gamawa su shigo: mai filasta, mai shimfiɗa tayil, mai silin na POP, mai fenti, mai tagogin alminiyam. A ƙasan kowa akwai lebura, mai haƙa harsashi, mai kwaɓa siminti, mai hawa bene da kwanon sarki a kansa ranar zuba dekin.

Yanzu kowa ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah, a wane mataki aka fi samun yaranmu? Muna da birkiloli da kafintoci ƙwararru, ban musa ba. Amma duk wanda ya san wuraren gini a Abuja ya san inda Bahaushe ya fi yawa shi ne wajen haƙa, da kwaɓi, da ɗauka, da gadi. Wato aikin da ya fi cin jiki, ya fi ƙarancin kuɗi, kuma ya fi saurin ƙarewa. Haƙar harsashi 'yan kwanaki ce. Zuba dekin yini ɗaya ne ko biyu. Mai tayil kuwa zai iya yin makonni a gida guda, a inuwa, kuma da awo ake biyansa. Idan ya yi aiki mai kyau, mai gidan zai karɓi lambarsa ya ba abokinsa. Wa ya taɓa karɓar lambar wanda ya ɗauki kankare?

Sai lissafin kuɗi, wanda nan ne ake yawan ruɗin samari. Za a gaya maka kuɗin yini a Abuja, ka kwatanta da abin da kake samu a ƙwadagon gona, ka ga ya ninka. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ɗauki wata guda, kwana 30. Cire ranakun da ba a fita aiki. Cire ranar da ka yini a bakin titi ba wanda ya ɗauke ka. Cire ranar da aka ce siminti ya ƙare, a jira mai gida ya turo kuɗi. In damina ce, kuma daminar Abuja takan kama tun daga wajen Afrilu har Oktoba, cire ranar da ruwa ya hana aiki. A ce, don misali, ka sami aikin kwana 15. To kuɗin kwana 15 ɗin nan su za su ciyar da kai kwana 30, ke nan kuɗin yininka na gaskiya rabin abin da aka faɗa maka ne. Daga cikin rabin nan za ka ci abinci sau biyu ko uku a farashin Abuja, ka sayi ruwan sha da na wanka wajen 'yan garuwa, ka biya kuɗin banɗaki, ka yi cajin waya, ka shiga mota. Abin da ya rage bayan wannan shi ne samunka, kuma shi ya kamata ka kwatanta da na gida.

Ka kuma sani aikin gini yana tafiya ne da aljihun wasu. A farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a wurare da yawa, masu gini da dama sun dakata, kuma wanda ya fara ji a jikinsa shi ne lebura, domin shi ba ya da albashin da zai jira. Aikin gwamnati ma haka yake, in ba a saki kuɗin kwangila ba, sai a kulle ƙofa a ce kowa ya saurari kira.

Wurin kwana kuma wata matsala ce mai zaman kanta. An tsara Abuja da unguwannin manya da na ma'aikatan gwamnati, amma waɗanda suka gina ta sai dai su nemi matsuguni a gefe: Nyanya, Karu, Kubwa, Gwagwa, Karmo, Mpape, Zuba, ko su ƙetara jihar Nasarawa zuwa Mararaba da Masaka, ko jihar Neja zuwa Madalla da Suleja. Ko a can ɗin, mai ɗaki kuɗin shekara yake nema a dunƙule. Wanda ke kwana a Mararaba yana aiki a cikin gari, dole ya fito tun asuba saboda cunkoson hanyar Nyanya, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso na abin da yake kashewa. Shi ya sa da yawa suke kwana a kangon da suke ginawa, ko a 'yar rumfar kwano da katako a gefen fili. Wannan yana rage kashe kuɗi, amma yana da nasa farashin: sauro, sanyi, rashin banɗaki, ga kuma zargi. Ranar da aka yi sata a unguwa, ko jami'an tsaro suka fito samame a kangaye, mai kwana a wurin shi ake fara kamawa, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. Waɗanda suka ga rusau na zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, tsakanin 2003 da 2007, sun san matsugunin da ba ya cikin tsari ana iya wayar gari babu shi. Kuma tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, don haka sana'ar da mutum kan faɗa mata a wasu garuruwa in aiki ya tsaya, a nan ƙofarta a ƙuntace take.

Mu zo kan biyan haƙƙi. Kuɗin gini yakan bi hannuwa da yawa kafin ya iso ga mai gumi. Mai gini ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya yanka wa ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya ba foman ko birkila jinga, birkila ya ɗauko leburori. Kowane hannu yana rage wani abu, kuma in aka sami tangarɗa a sama, na ƙasa ne yake kwana da yunwa. "Ku dawo Asabar." "Oga ya yi tafiya." "Ba a turo ba tukuna." Duk wanda ya yi aikin gini ya san waɗannan kalmomi. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, amma mai aikin yini da wuya ya kai wata uku a hannun mutum ɗaya. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 shi ma bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai kuma shafi masu aikin jinga ba. Ashe ke nan yawancin leburorin gini suna wajen wannan inuwa.

Sannan ga haɗari. Ɗanyen siminti yana cin fata, shi ya sa za ka ga ƙafafun masu kwaɓi sun tsattsage, wasu sun naɗe su da leda ko tsumma saboda babu takalmin roba. Ƙurar siminti da ta fasa dutse tana taruwa a huhu, ba a jin illarta sai bayan shekaru. Mutum zai hau hawa na uku a kan katako guda, babu igiya, babu hular kwano, da silifa a ƙafarsa. Ƙusa mai tsatsa ta soke shi, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, bai san akwai allurar da ake yi don kare ciwon sarƙewar haƙora ba. Babban abin tsoro kuma shi ne rushewar gini. An ga haka a Jabi a watan Agustan 2018, an gani a Gwarinpa a watan Fabrairun 2023, duka gine-gine ne da ake kan aikinsu. A Ikko, benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe mutum sama da 40, yawancinsu ma'aikata. Idan aka rage siminti, ko aka sa siririn rodi, ko aka ƙara hawa ba da izini ba, wanda ya yanke shawarar yana ofis, wanda gini zai faɗo wa yana ƙarƙashin dekin.

A nan akwai abin da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. Akwai dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take kula da ita. Dokar ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, ba tare da ya cire daga kuɗin ma'aikaci ba, don in wani ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki a biya shi ko iyalinsa. Kuma ta haɗa har da mai aikin wucin gadi da ɗan koyo, ko da da baki aka yi yarjejeniya. Ana so wanda ya ji rauni ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda. Manyan kamfanoni sun fi bin wannan tsari, ƙananan wurare kuwa sau da yawa sai dai a kai mutum kyamis a ba shi kuɗin mota a ce Allah ya sawwaƙe. Amma wanda ya san haƙƙinsa, ya kuma san sunan kamfanin da yake wa aiki, da sunan foman, da shaidu biyu, ya fi wanda bai san komai ba tsayawa da ƙafarsa.

To ina mafita? Ku dubi wani abu da masu gini a Abuja da Ikko suke yi. In an zo aikin tayil ko POP ko filasta mai kyau, sau da yawa sai ka ji an ce a nemo 'yan Togo ko 'yan Kwatano. Mutum ya taso daga wata ƙasa, bai iya yaren gari ba, ya zo ya karɓi aikin da ya fi tsoka, alhali ga dubban 'yan ƙasa zaune a bakin titi. Ba ƙarfi suka fi mu ba. A ƙasashensu yaro yakan shiga hannun maigida ya yi shekaru yana koyo, ba a sallamarsa sai ya iya, kuma an horar da shi a kan awo da daidaito da tsabtar aiki. Mai gidan da ya kashe miliyoyi a kan tayil ba zai ba wanda zai karkata masa layi ba, ko da ɗan garinsu ne.

Abin takaicin shi ne mu ma muna da wannan gado. Ƙasar Hausa tana da sarautar Sarkin Magina, kuma gini sana'a ce da ake koya daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaro. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine na duniya suna nazarin bakan-gizon da ya ɗaura da ƙasa da azara. A jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya gina masallacin garin Yama, wanda ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Hannun da ya iya wannan ba zai gaza shimfiɗa tayil ba. Abin da ya faru shi ne siminti ya zo ya maye gurbin ƙasa, mu kuma ba mu ɗauko tsarin koyon da muke da shi mun kai shi kan sabon aikin ba. Sai muka shiga sabon gini ta ƙofar lebura, da yawanmu kuma muka tsaya a nan.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shirin tafiya, ga shawarata. In kana da hali, koyi sana'ar tun a gida, inda kake da wurin kwana da tuwon dare kyauta. Ana gini a Kano, ana yi a Katsina, ana yi a Maraɗi. In kuwa dole ce ta sa za ka tafi yanzu, to ka ɗauki leburanci a matsayin kuɗin makaranta. Ka zaɓi maigida guda mai sana'a ka manne masa, ko da abin da zai ba ka bai kai na mai yawon neman yini ba. Ka zo kafin kowa, ka wanke masa kayan aiki, ka sa ido ka ga yadda yake ɗaure igiya, yadda yake duba miƙewar bango, yadda yake auna yashi da siminti. Ka koyi karanta tef ɗin awo, ka koyi lissafin faɗi da tsawo, domin wanda bai iya awo ba ba zai taɓa karɓar jinga da kansa ba. Kuɗin farko da ka tara, kafin waya, sayi kayan aikinka. Ranar da maigida ya ce maka "ɗora layin nan in gani", ranar ce tafiyarka ta fara biya.

In hannunka ya faɗa, nemi takarda. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, tana horar da masu sana'a, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin tantance wanda ya koyi aiki a hannun maigida ba a aji ba. Wannan takarda ita ce takan buɗe ƙofar manyan kamfanoni, inda ake samun albashin wata, da kayan kariya, da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya maka.

Kafin ka hau mota kuma, ka tabbatar da abu huɗu. Na ɗaya, wa zai sauke ka? Da ɗan gari akan ci gari, kuma wanda ya kira ka ya gaya maka takamaiman wurin aikin da wurin kwanan, kada ka yarda da "kai dai zo". Na biyu, katin shaidar ɗan ƙasa ya kasance a jikinka. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma su riƙe takardunsu da kyau, musamman tun da ƙasar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025. Na uku, ka ware kuɗin motar dawowa ka ɓoye, kada ka taɓa su ko da yunwa. Na huɗu, in ka isa, ka san Sarkin Hausawan unguwar da shugabannin 'yan garinku, domin ranar rigima su ne za su je ofishin 'yan sanda su ce sun san ka. Wajen aiki kuwa, a yi ciniki a gaban shaida kafin a sa diga a ƙasa, a faɗi ko yini ne ko jinga, a faɗi ranar biya. Kada ka bari bashin haƙƙinka ya taru ya wuce abin da za ka iya haƙura da shi. Abin da ka samu kuma kada ya kwana a aljihu a cikin kango, ka sa a asusu ko ka tura gida.

Iyaye da matan aure da ke gida, ku ma da ku nake. Yaron da ya tafi ba rijiyar kuɗi ya tarar ba. In kullum waya ce a turo na suna, a turo na biki, to kun tilasta masa ya bi kuɗin yini, ba zai iya zama a hannun maigida ya koyi aiki ba. Haƙurin shekara guda ko biyu da kaɗan zai iya zama sanadin da zai riƙe gidan shekara talatin.

Gwamnonin jihohinmu na Arewa kuwa, kusan kowace jiha tana da kwalejojin koyon sana'a da aka bari suka lalace. A gyara su, a sa musu kayan aiki na zamani, a ɗauko ƙwararrun masu tayil da POP da aikin famfo su koyar, ko daga ina suka fito. A kuma sa sharaɗi a kwangilolin jiha cewa duk kamfanin da ya karɓi aiki zai horar da 'yan koyo. Rabon baro da shebur da sunan tallafi yana ƙara yawan leburori ne kawai. Hukumar birnin tarayya ita ma, in tana rusa rumfunan ma'aikata, ta tambayi kanta inda take so masu gina mata tituna su kwana, ta kuma tsananta duba gini tun yana ƙasa, kafin ya zama aikin masu tono gawa. Masu gini da 'yan kwangila, ku ji tsoron Allah a kan haƙƙin ɗan ƙwadago. Kuɗin hular kwano da takalmin roba na ma'aikatanku duka bai kai na ƙofar gaban gidan ba.

Abuja za ta ci gaba da faɗaɗa, kuma za ta buƙaci magina shekaru masu yawa nan gaba. Kano da Kaduna da Yamai ma haka. Wanda ya iya aiki zai zaɓi inda zai je, ya faɗi farashinsa, in ya tsufa kuma ya sa yara su yi yana dubawa. Saboda haka saurayin da ke saurarena, sa wa kanka wa'adi tun yau. In ka cika shekara biyu a wurin gini ba ka fara riƙe cokalin birkila ko guduma ko abin yanka tayil ba, to ka zauna ka sake shawara, ko ka canza maigida, ko ka canza hanya.

 Allah ya tsare matafiya, ya sa albarka a nema, ya mai da kowa gida lafiya.